Me Ake Yi a Fitar Zumunta? Bayani Daga Tafiyarmu ta Wusasa

 

Tun ranar da aka buɗe makaranta ake tare mu da tambayoyi a kan tafiyar da zumuntar ɗalibai Kirista ta makarantarmu ta yi zuwa Zariya a farkon hutun Disamba. Wasu suna tsokanarmu wai yawon cin shinkafa muka je. Wasu sun ɗauka kwana biyu muka yi a durƙushe muna addu'a, ba ci ba sha. Akwai ma iyayen da suka ce ba za su sake barin 'ya'yansu su bi mu ba, saboda sun ji wai mun ɓatar da yarinya a kan dutse. Wannan labari na ƙarshe akwai gaskiya a cikinsa, kuma za mu faɗe shi yadda ya faru, ba ƙari ba ragi. Amma kafin nan muna so mu bayyana mene ne fitar zumunta, yadda ake shirya ta, da abin da ake yi a cikinta, domin duk wanda zai yanke hukunci ya yanke bisa sani.

Malamar da ke kula da zumuntarmu ta kwatanta fitar da murhu. Ta ce murhu duwatsu uku gare shi, idan aka cire ɗaya tukunya za ta kife. Duwatsun fitar zumunta su ne gani da ido, da wasa, da ibada. A kan waɗannan ukun za mu ɗora bayaninmu.

Shiri kafin a tashi

Fita ba a yin ta da ka. Tun tsakiyar zango muka fara shiri, kuma abu na farko shi ne izini. Malama ta rubuta wa shugaban makaranta takarda, ta faɗi inda za a je, da kwanakin da za a yi, da malaman da za su raka mu. Bayan ya amince, aka ba kowane ɗalibi takarda ya kai gida. Iyaye suka sa hannu, suka rubuta lambar wayarsu, suka kuma faɗa idan yaro yana da wata lalura kamar asma ko sikila. Wanda bai dawo da takardarsa ba, ko ya biya kuɗi ba ya shiga mota.

Abu na biyu shi ne kuɗi. Mun san ba kowane gida ne zai iya fitar da kuɗin mota da na abinci a rana ɗaya ba. Saboda haka muka buɗe asusu. Kowace Laraba idan an tashi daga taron zumunta, kowa ya kawo abin da ya samu, ma'aji ya rubuta a littafi. Wasu iyaye kuma suka taimaka da shinkafa, da wake, da manja, da garin kwaki. Da lokaci ya yi, aka ga mutum huɗu kuɗinsu bai cika ba. Aka cika musu daga baikon zumunta, kuma har yau Malama da ma'aji ne kaɗai suka san ko su wane ne.

Abu na uku shi ne dokokin hanya. Babbar doka ita ce ba tafiyar dare. Daga Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne, ana bi ta Mararrabar Jos da Jaji. Mun tashi da safiyar Juma'a, kafin hantsi ya yi nisa mun sauka. Mu ɗalibai 32 ne, da malamai uku, mata biyu da namiji ɗaya. Kowa ya ɗauko tabarma, da bargo, da rigar sanyi, da kwano, da gorar ruwa, da Littafi Mai Tsarki, da littafin rubutu. Malamai suka riƙe akwatin magani. An ba kowa lamba daga 1 zuwa 32, duk inda aka tsaya sai a yi ƙirge, kowa ya amsa lambarsa da ƙarfi. Ku riƙe zancen ƙirgen nan, zai dawo. Wata ikilisiya ce ta ba mu masauki a ajujuwa biyu na makarantarta, maza nasu daban, mata nasu daban.

Dutse na farko: gani da ido

Za ku tambaya, me ya sa Wusasa? Ai akwai wuraren shaƙatawa masu lilo a cikin Kaduna. Dalili shi ne ana zaɓen wurin da yake da abin koyarwa, kuma Wusasa, wadda take gefen birnin Zariya, tana da tarihin da ya shafe mu.

Wani dattijo na ikilisiyar wurin ne ya zagaya da mu. Ga taƙaitaccen abin da muka rubuta. A shekarar 1900 wata ƙaramar tawagar 'yan mishan na CMS daga Ingila, ƙarƙashin Bishop Tagwel, ta isa Kano. Sarkin Kano na lokacin, Alu, bai yarda su zauna ba, sai suka juyo. A cikinsu akwai wani likita mai suna Walta Mila, wanda ya koyi Hausa sosai. A 1905 ya sami zama a cikin birnin Zariya, yana ba da magani yana kuma koyar da yara karatu. Zuwa 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew, wato Bartalamawas, ɗaya daga cikin almajiran Yesu goma sha biyu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a karo na farko, kuma Dakta Mila yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar. Da muka ji haka, wasunmu suka dubi littafin da ke hannunsu. Kullum muna karanta shi da Hausa, amma ba mu taɓa tambayar yadda aka yi ya zo da Hausa ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ginin majami'ar. Mun zaci za mu ga gini irin na Turawa, sai muka tarar da ginin ƙasa irin na Hausawa, mai katanga mai kauri. Malaminmu ya yi amfani da wannan dama ya bayyana mana yadda maginan gargajiya suke aiki. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa a mulmula tubali a shanya a rana, sannan a jera shi da ɗanyar ƙasa. Rufi kuma da azara ake yi, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, domin gara ba ta cika cin ta ba. Idan ana son ɗaki mai faɗi, sai a jera azara a lanƙwasa a rufe da ƙasa, a sami abin da ake kira bakan gizo. Akwai kuma makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa a shafe bango don ruwa kada ya ci shi. Katangar ƙasa mai kauri ba ta barin zafin rana ya ratsa da sauri, shi ya sa cikin irin wannan gini yake da sanyi da rana, da dare kuma yake da ɗumi.

Baba dattijo ya kuma lissafa mana wasu sanannun mutane da suka fito daga wannan al'umma. Akwai Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya taso. Akwai Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda babban asibitin nan na cikin Kaduna yake ɗauke da sunansa. Da yawanmu mun sha wucewa ta gaban asibitin, wasu ma can aka haife su, amma sai ranar muka san mai sunan. Har yanzu akwai asibitin St. Luke a Wusasa, wanda ya samo asali daga aikin mishan ɗin.

Mun kuma shiga birnin Zariya da yammacin Asabar. Mun ga ragowar ganuwa, mun bi ta Ƙofar Doka, mun tsaya daga waje mun kalli fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau da babban masallacin Juma'a. Malam ya gaya mana cewa tsohon masallacin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19, kuma masana gine-gine suna yaba bakan gizonsa har gobe. Nan muka gane cewa fasahar da ta gina masallacin nan ita ce ta gina majami'ar da muka gani jiya. Kafin mu sauka daga mota an gargaɗe mu: a gaida manya, kada a yi ihu, kada a nuna mutane da yatsa, kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Wannan ma yana cikin darasi.

Dutse na biyu: wasa

Idan ka tara yara 32 ka ce su zauna shiru kwana biyu, ka ɗauko wa kanka aiki. Amma wasan fita yana da wata manufa bayan motsa jiki. A makaranta kowa yana da 'yan rukuninsa. 'Yan aji uku ba sa zama da 'yan aji ɗaya. 'Yan coci ɗaya sukan haɗa kai, masu yare ɗaya su ma haka. A cikinmu akwai Bajju, da Atyap, da Gbagyi, da Hausawa, da Tibi, da Ibo. Akwai 'yan ECWA, da Katolika, da Angilikan, da Baftis. Idan aka bar mu, a haka za mu je, a haka za mu dawo.

Don haka da muka sauka, sai aka jera mu aka ce mu ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ɗaya zuwa huɗu, har ƙarshen layi. Duk masu ɗaya suka zama rukuni guda, haka masu biyu, da uku, da huɗu. Da yake aminai sukan tsaya kusa da juna a layi, wannan dabara ta raba su kaf. Aka sa wa rukunonin sunayen ƙofofin Zariya: Doka, Kona, Gayan da Kuyambana. Kowane rukuni mutum takwas, tare suke wasa, tare suke nazari, tare suke wanke tukunya idan layinsu ya zo.

Mun yi ƙwallon ƙafa da jan igiya, amma wasannin gargajiya sun fi armashi. Maza suka yi langa. Ga wanda bai sani ba, a langa mutum yakan kama ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya, ya riƙa tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare yana da ɗan wasa guda da ake kira ruwa, wanda 'yan'uwansa suke karewa har ya kai wurin sha, abokan hamayya kuma suna ƙoƙarin ture shi. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya fita. Mata suka yi carafke da 'yar gala-gala. Da yamma wasu suka haƙa ramuka talatin a ƙasa suka yi dara, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku a layi ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Wani yaro ɗan aji ɗaya da ba ya magana a makaranta ya cinye kowa a dara, har da Malam. Tun daga ranar ake kiransa Sarkin Dara.

Akwai kuma gasar buɗe aya. Kowa zai riƙe Littafi Mai Tsarki a rufe, a ɗaga sama. Malama ta faɗi littafi da sura da aya, wanda ya riga samu ya miƙe ya karanta. Wannan wasa yana sa mutum ya haddace jerin littattafan. A nan aka yi ɗan musu, domin wasu sun ce littattafan 66 ne, wasu suka ce 73. Malama ta raba gardamar. Ta ce Sabon Alkawari littattafai 27 ne a wurin kowa. A Tsohon Alkawari ne aka bambanta: yawancin ikilisiyoyi suna ƙirga 39, Katolika kuma suna ƙirga 46. Ta ce ba za ta kira aya ba sai daga littattafan da kowa yake da su. Da ba a yi wasan ba, da wasunmu ba su san da wannan bambanci ba.

Doka ɗaya ta ratsa duk wasannin: ba a ƙirga wa rukuni maki sai mafi ƙanƙanta a cikinsu ya shiga wasan. Da farko manya sun yi gunaguni, daga baya suka koma koya wa ƙanana dabaru, tunda nasararsu tana hannunsu.

Dutse na uku: ibada

Ga abokanmu da suke tambayar me ake nufi da girma cikin ruhaniya, amsar a taƙaice ita ce mutum ya ƙara sanin Allah, halinsa kuma ya canja a ga alama. Tarbiyya ce ta zuciya. Ga yadda ake yi a fita.

Ƙarfe biyar da rabi na asuba ake tada mu. Da sanyin hunturun Zariya, wannan kaɗai jarrabawa ce. Bayan waƙar yabo da addu'a, kowa ya nemi gefe shi kaɗai na minti goma sha biyar, ya karanta nassin ranar. Daga nan a koma rukuni a tattauna. Tambayoyi uku ake amsawa kullum, kuma a rubuce: Me nassin ya ce? Me yake nufi? Me zan yi da shi yau? Da dare kuma a taru gaba ɗaya a yi waƙoƙi, mai shaida ya ba da shaida, sannan a yi addu'a domin iyaye, da malamai, da marasa lafiya, da jarrabawa, da zaman lafiyar jiharmu. Ranar Lahadi muka yi sujada da mutanen gari, da Hausa daga farko har ƙarshe. Da wata 'yar aji ɗaya ta ga dattawa da manyan riguna da huluna suna shiga majami'a, ta raɗa wa Malama, "Malama, su ma Kirista ne?" Malama ta ce, "Tun kafin a haifi babanki."

Nassin safiyar Asabar shi ne Luka sura 10, labarin da Yesu ya bayar na mutumin da 'yan fashi suka yi wa duka a hanyar Urushalima zuwa Yariko, suka bar shi kwance. Manyan masu addini biyu suka gan shi suka ratse. Wanda ya tsaya ya ɗaure masa rauni ya kai shi masauki baƙo ne, Basamariye, daga mutanen da ba sa ga maciji da mutanen wanda aka ji wa ciwon. Wannan labari tun muna makarantar Lahadi muka san shi. Hannuwa suka yi ta tashi, kowa yana so ya amsa. A tambaya ta uku kusan dukanmu abu ɗaya muka rubuta, cewa yau idan muka ga wani cikin wahala za mu tsaya mu taimake shi. Muka rufe littattafai, muka sha koko da ƙosai, muka nufi Kufena.

Abin da ya faru a Kufena

Dutsen Kufena yana dab da Wusasa. Malam ya ce irin waɗannan duwatsu masu tauri ne ƙwarai, su ne suka rage a tsaye bayan ruwa da iska sun zaizaye ƙasar da ke kewaye da su cikin shekaru masu ɗimbin yawa. Mutanen da sukan zauna kusa da su domin tsaro, tunda daga sama ana hango mai zuwa tun daga nesa. Haka Dala take ga Kano, haka Turunku da Kufena suke a tarihin Zazzau.

Tsarin hawa shi ne bibbiyu, kowa da abokin tafiyarsa. Malam da Malama ɗaya suka shiga gaba don nuna hanya. Ɗaya Malamar ta tsaya a gindin dutse da jakunkuna da ɗalibai biyu da ba za su iya hawa ba saboda lalura. Ke nan babu babba a ƙarshen layi, kuma ba wanda ya lura da haka. Ba a ce gasa ba ce, amma da wani ɗan Gayan ya ce su za su riga kowa kaiwa, sai hawa ya koma tsere.

Da muka kai sama, ga iska, ga gonaki da rufin gidaje ana hangowa cikin hazo, kowa yana murna. Malam ya ce a yi ƙirge. Aka fara, ɗaya, biyu, uku, har aka kai 26. Aka kira 27, shiru. Aka sake kira, shiru. Lambar wata yarinya ce 'yar aji ɗaya, 'yar rukunin Kona. Abokiyar tafiyarta ta fashe da kuka, ta ce silifas ɗin yarinyar ne ya tsinke a hanya, ta ce mata ta zauna tana zuwa, sai ta biyo sauran ta manta.

Ba za mu iya kwatanta tsoron da ya kama mu ba. Malama ta zaunar da mu wuri ɗaya ta ce kada wanda ya motsa. Malam ya ɗauki manya biyu suka gangara suna kiran sunanta. Kusan minti ashirin muka yi muna jira, wasu suna kuka, wasu suna addu'a. Can sai muka ji usur ɗin Malam sau uku, alamar an same ta.

Ga abin da ya faru. Da ta ga kowa yana wucewa, ta yi ƙoƙarin tafiya da ƙafa ɗaya ba takalmi, dutse ya yanke ta a tafin ƙafa. Sai ta kauce daga hanya ta zauna a inuwar wani dutse tana kuka. Wani yaro mai kiwon awaki, wanda bai wuce sa'anmu ba, shi ya ji kukan. Ya wanke mata ciwon da ruwan gorarsa, ya ɗaure silifas ɗin da 'yar waya, ya zauna kusa da ita yana jiran masu ita. Da Malam ya iso, yaron ya ce, "Malam, ƙanwarku ce? Na ga ba kowa tare da ita." Malam ya miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, da ƙyar ya karɓi burodi. Ya kora awakinsa ya tafi, ko sunansa ba a tambaya ba. Ciwon bai yi zurfi ba, an wanke an sa magani an ɗaure. A ranar Malama ta kira iyayen yarinyar a waya ta gaya musu komai, ta kuma sanar da shugaban makaranta.

Da dare, a wurin taro, mun zaci faɗa za a yi mana. Malama ta fara da cewa su malamai sun yi kuskure da ba su sa babba a baya ba, ta ba yarinyar haƙuri a gaban kowa. Sannan ta ce, "Yarana, tambaya ɗaya gare ni. Wa ya gan ta a zaune a hanya?" Aka yi tsit. Can hannu ɗaya ya tashi, sai na biyu, har hannuwa goma sha ɗaya, ciki har da hannun da yake rubuta wannan bayani. Ta tambaye mu dalilin da ya sa muka wuce. Wasu suka ce sun zaci hutawa take yi. Wasu suka ce sun ɗauka malami yana tafe a baya. Wasu suka ce ba 'yar rukuninsu ba ce. Wani ya faɗi gaskiya ya ce ba ya so Gayan su riga su.

Malama ba ta yi wa'azi ba. Cewa ta yi kowa ya buɗe littafinsa ya karanta a zuci amsar da ya rubuta a tambaya ta uku da safe. Mun daɗe ba wanda ya ɗaga kai. Daga nan, ɗaya bayan ɗaya, muka je muka roƙi yarinyar gafara. Ta ce ta yafe, amma ba za ta sake hawa dutse da silifas ba har abada. Dariyar da aka yi ce ta sa muka iya cin tuwon dare.

A nan ne muka fahimci zancen murhu. Da a aji aka koya mana Luka sura 10 aka ba mu jarrabawa, da duk mun ci goma bisa goma mun tafi gida muna ganin mun iya. Dutsen da muka je gani da son cin wasa su ne suka nuna mana inda muka tsaya. Zaman ibada na dare kuma shi ya ba mu wurin da za mu amsa laifi a yafe mana. Da ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, da mun dawo ko da labarin yawo kawai, ko da ƙullin zuciya.

Abin da muka gyara

Kafin mu baro Zariya da azahar ɗin Lahadi, mun zauna da malamai mun rubuta sababbin dokoki. Mun kawo su nan domin kowace ƙungiya ta makarantarmu da ke shirin fita, ko ta ɗalibai Musulmi, ko kulob ɗin kimiyya, ko mu 'yan jarida, za ta iya amfani da su.

Na ɗaya, duk inda ake tafiya a layi, babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, kuma ba mai wuce na gaba, ba mai zama bayan na baya.

Na biyu, mafi ƙanƙanta da marasa sauri su ne a gaba, sauran su bi takunsu.

Na uku, ba a rabuwa da abokin tafiya. Idan ya tsaya ka tsaya, ka kira malami da ƙarfi.

Na huɗu, a yi ƙirge a tsakiyar hanya, kada a jira sai an kai.

Na biyar, ba hawa dutse da silifas. Wanda ba shi da kambas ya faɗa tun a gida a aro masa.

Na shida, gasa a fili ake yin ta. A kan dutse, ko bakin ruwa, ko kan titi, babu gasa.

Ga iyayenmu da suka ji tsoro, kuna da gaskiya, kuma muna roƙon malamai su isar muku da wannan bayani. Ba mu ɓoye abin da ya faru ba, ga kuma gyaran da aka yi. Muna roƙo ku duba dokokin nan, ku ƙara mana da naku, ku bar mu mu sake fita. Yarinyar da abin ya faru da ita, ita ce ta fara kawo kuɗin asusu na wannan zango.

 Muna godiya ga yaron nan mai awaki, ko da yake da wuya ya ga wannan allo. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya rubuta ya jefa a akwatin kulob ɗin 'yan jarida da ke gefen ofishin malamai. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu zango mai albarka.